Daga Tehran Zuwa Tsafe: Wa Ya Tambayi Mai Lulluɓin?

A watan Janairun 1936, Sarkin Iran Reza Shah ya haramta wa matan ƙasarsa fita da lulluɓi. 'Yan sanda suka bazu a kan tituna, duk macen da suka gani da mayafi sai su fizge shi, wani lokaci su yayyaga shi a bainar jama'a. Mata da yawa, musamman dattijai da 'ya'yan gidajen malamai, suka gwammace su kulle kansu. Akwai waɗanda ba su sake taka ƙofar gida ba sai da Ingila da Rasha suka tilasta wa sarkin yin murabus a 1941. Bayan shekara 47, wato a 1983, Jamhuriyar Musulunci ta Iran ta fito da tata dokar: macen da ta fita babu lulluɓi, hukuncinta bulala har 74. Titunan da aka kori kaka a kansu saboda ta rufe kai, a nan aka dawo ana kama jikarta saboda ta buɗe.

Sarkin ya ce ci gaba yake nema wa mace. Malaman da suka gaje shi suka ce mutuncinta suke karewa. Sun saɓa a komai, amma sun haɗu a abu ɗaya: babu wanda ya tsaya ya tambaye ta. A kan wannan muke so mu yi nazari. Me ya sa duk sanda mulki ya juya, a jikin mace ake fara buga hatimi? Kuma mene ne 'yancin mace, tunda mai yaye mata mayafi da mai ƙaƙaba mata shi kowa cewa yake don ita yake yi?

Wani zai ce ina ruwan ɗan Gusau ko Bungudu da abin da ya faru a Tehran. Da ruwanmu. Juyin juya halin 1979 ya shigo har jami'o'inmu, ya zaburar da ɗalibai irin su Ibrahim Zakzaky a Zariya, ya sauya yadda matasan Arewa da dama suke tunanin addini da mulki. Ban da wannan, mu ma muna da namu juye-juyen, kuma sun bi ta kan mata kamar yadda na Iran suka bi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kura da shan bugu

Babu wata girgizar siyasa da aka yi a Iran cikin shekara ɗari da 'yan kai wadda mata ba su sa hannu ba. A 1891, da Sarki Nasiruddin Shah ya sallama wa wani Bature ɗan Ingila cinikin tabar ƙasar baki ɗaya, malamai suka ba da fatawar ƙaurace wa taba, har matan cikin fada suka ajiye lofensu, sarkin ya janye yarjejeniyar. A gwagwarmayar neman tsarin mulki ta 1906 mata sun fito, amma da aka zo rubuta dokar zaɓe sai aka jera su cikin waɗanda ba su da ƙuri'a, tare da ƙananan yara da masu manyan laifuka. Sai a 1963 suka sami damar zaɓe, a hannun Muhammad Reza Shah, sarkin da 'yan sandan cikinsa na SAVAK suke azabtar da masu adawa, maza da mata.

A 1978 mata sun cika tituna suna neman a kawar da wannan sarki. Wasu da ba su saba lulluɓi ba ma sun yafa baƙin mayafi don su nuna masa sun ƙi shi. Ayatullahi Khumaini ya dawo ƙasar ranar 1 ga Fabrairun 1979. Kafin watan ya ƙare an dakatar da dokar kare iyali ta 1967, wadda ta taƙaita saki da ƙarin aure ba tare da zuwa kotu ba. Aka hana mata alƙalanci. Shirin Ebadi, wadda daga baya ta karɓi kyautar Nobel a 2003, aka mayar da ita magatakarda a kotun da take shugabanta. Ranar 8 ga Maris dubban mata suka fito suna ƙorafi a kan umarnin lulluɓi, mako biyar kacal da dawowar wanda suka yi wa maraba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. Jamhuriyar ba ta ƙwace wa mata ƙuri'a ba. Iyaye masu riƙo da addini, waɗanda a da suke ƙyamar makarantun sarki, suka saki jiki suka tura 'ya'yansu mata karatu, har ya zama a farkon shekarun 2000 mata sun fi rabin masu shiga jami'a. To, waɗannan 'ya'yan da ƙannensu ne suka cika tituna bayan 16 ga Satumban 2022, ranar da Mahsa Amini, 'yar shekara 22 daga garin Saqqez, ta rasu kwana uku bayan 'yan hisbar ƙasar sun kama ta a Tehran a kan yadda ta ɗaura ɗankwali. Gwamnati ta ce rashin lafiya ne. Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce cin zarafin da aka yi mata a tsare ne sanadi. An kashe ɗaruruwan mutane a zanga-zangar da ta biyo baya.

Namu na gida

Juyi mafi girma a tarihin ƙasar Hausa shi ne jihadin 1804, kuma maganar mata tana cikinsa tun kafin a zare takobi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, mata suna halartar majalisinsa. Wani malami, Mustafa Goni, ya soki wannan, ya nemi a hana su zuwa. Abdullahi Ɗanfodiyo ne ya ba shi amsa, kuma hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu wa'azi muni. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya caccaki mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu babu karatu. Daga wannan tushe Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Sai dai juyin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne ya rage ƙarfin sarautun mata irin na Innar Gobir, kuma yaƙe-yaƙensa sun mayar da ɗimbin mata bayi da ƙwaraƙwarai. Ba mu rage darajar jihadi da faɗin haka ba. Tarihi ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A zamanin neman mulkin kai, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga jam'iyyar NEPU a Zariya tana 'yar shekara 17. Ta sha duka, ta shiga kurkuku sau 16, kuma cikin manyan buƙatunta akwai bai wa matan Arewa ƙuri'a. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa suna kallo. Aka sami mulkin kai a 1960, iyayenmu mata ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, a ƙarƙashin mulkin soja. Matan Iran sun riga su da shekara 13.

Sai juyin da da yawa daga cikinmu suka gani da ido suna yara. Ranar 27 ga Oktoban 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a gaban taron da garin bai taɓa ganin irinsa ba, dokar ta fara aiki a Janairun 2000, jihohi 11 suka bi sahu. Mata da yawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Sun sa ran za a daina cinye gadon marayu, a tilasta wa mai saki ciyar da 'ya'yansa, alƙali ya daina karɓar na goro. Amma cikin matakan farko da aka gani akwai hana mata hawa kabu-kabu, da ware musu motocin haya, da haramta musu ƙwallon ƙafa.

A watan Satumban 2000 kotun shari'a ta Tsafe ta gurfanar da wata yarinya da shekarunta ba su haura 17 ba, an same ta da ciki babu aure. Ta ambaci maza uku. Suka musanta, aka sallame su. Ita aka yanke mata bulala 100 ta zina da 80 ta ƙazafi, daga baya aka janye ta ƙazafin. Ranar 19 ga Janairun 2001, jim kaɗan bayan ta haihu, aka yi mata bulala 100 ɗin, alhali lauyoyin ƙungiyar BAOBAB suna shirin ɗaukaka ƙara. A ƙetaren iyaka ma, a Nuwamban 2000, masu zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai sun huce fushinsu a Maraɗi a kan gidajen mata marasa aure.

Me ya sa kullum ita?

Amsar ba ta da daɗin ji: arha ce. Sabon mai mulki yana buƙatar abin da zai nuna wa jama'a cewa zamani ya canza. Gina asibiti yana cin shekaru da kuɗi. Kama ɓarawon dukiyar jama'a yana nufin taka sawun manya, kuma manya suna ramawa. Amma umarni a kan tufafin mace ko abin hawanta takarda ɗaya ce da sanarwar rediyo, gobe da safe kowa ya gani a kan titi. Reza Shah yana son Turawa su ga ƙasarsa ta waye, sai ya nuna musu kan mace a buɗe. Waɗanda suka kawar da ɗansa suna son duniya ta ga Musulunci ya dawo, sai suka nuna mata kan mace a rufe. Kowanne ya mayar da ita tuta, ita kuwa tuta ba a shawara da ita. Haka a kotu: cikin mace shaida ne da ba ya ɓoyuwa, namiji kuwa musu ya ishe shi.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ƙa'ida. Idan za ka ƙirƙiri mabuɗin da ke buɗe komai, kada ka duba halin wanda zai riƙe shi yau, duba abin da zai faru ranar da ya faɗa hannun wanda ba ka so. Dokar 1936 da ta 1983 manhaja ɗaya ce, layi ɗaya kawai aka sauya a ciki. Ranar da muka yarda cewa hukuma ce mai iko da abin da ke kan mace, mun miƙa mabuɗin, kuma ba mu ne za mu zaɓi wanda zai gaje shi ba. Da irin wannan mabuɗi Faransa ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004. Da shi aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja a Disamban 2017. Da shi Jihar Legas ta hana hijabi a makarantunta, maganar da ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a Yunin 2022, wata uku kafin rasuwar Mahsa Amini. Duk wanda ya ji zafin abin da aka yi wa Firdaus, amma ya ga na Mahsa daidai ne, to ba tilas yake ƙi ba. So yake sandar ta kasance a hannunsa. A 2023 'yan sandan Iran suka sanar da kafa kyamarori masu gano matan da ba su rufe kai ba, a aika musu gargaɗi ta waya. Masu sana'a irin tamu ne suka rubuta wannan manhaja, don haka tambayar ba ta bar mu a gefe ba.

Hujjoji biyu masu nauyi

Ta farko: addini ya yi umarni da sutura, kuma al'umma tana da haƙƙin tsare tarbiyyarta. Ba ma jayayya da wajibcin sutura. Abin da muke tambaya shi ne ko sandar hukuma tana haifar da abin da ake nema. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa niyya ce ruhin aiki. Mayafin da aka yafa don tsoron motar 'yan hisba ya rufe gashi, amma me ya shuka a zuciya? Iran ta gwada na shekara 40, kuma 'yan matan da suka ƙona ɗankwalinsu a 2022 ba su taɓa rayuwa a ƙarƙashin sarki ba, a makarantun Jamhuriyar aka raine su. A ƙasar Hausa kuwa, hijabi ya bazu tun daga shekarun 1980 ta hanyar makarantun Islamiyya da wa'azi, tun kafin a kafa hukumar hisba ko ɗaya, kuma ga shi ya zauna daram. Hanyar Nana Asma'u ta fi ta bulala ƙarko.

Ta biyu: maganar 'yancin mata farfagandar Turawa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amurka da Ingila ne suka kifar da gwamnatin Muhammad Musaddak a Iran a 1953. An yi amfani da sunan ceton mata wajen halasta yaƙin Afganistan a 2001. A shari'ar Amina Lawal ma, wasu takardun koke daga ƙetare sun zo da bayanan da ba daidai ba, har BAOBAB ta fito a 2003 ta roƙi a dakatar da su saboda suna iya ɓata shari'ar. To amma mu duba abin da ya kuɓutar da Safiya Husaini ta Tungar Tudu a Sakkwato ranar 25 ga Maris 2002, da Amina Lawal a Katsina ranar 25 ga Satumban 2003. Kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a ne, alƙalai Musulmi, da hujjojin fiƙihu. A ta Safiya, an ga cewa ba a hukunta mutum da dokar da ba ta fara aiki ba sanda aka yi abin. A ta Amina, an ga cewa mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, kuma a mazhabar Malikiyya ana iya jingina cikin bazawara ga tsohon mijinta har tsawon shekara biyar, abin da Bahaushe yake kira kwantaccen ciki. Lauyoyi irin su Hauwa Ibrahim da Aliyu Musa Yawuri littattafanmu suka buɗe. Abin da yarinyar Tsafe ta rasa ba taimakon Turai ba ne. Lokaci ta rasa, da kunnen da zai saurare ta kafin a ɗaga bulala.

Ma'anar kalmar a bakinmu

Ba sai mun aro ma'anar 'yanci daga kowa ba. Kalmar daga 'ya ta fito. A bakinmu na Zamfara da Sakkwato kuwa ɗiya ce da ɗiyauci. A Hausar da, ɗa da ɗiya kishiyar bawa da baiwa ne. Ba tufafi ne suka raba ɗiya da baiwa ba, don akwai ƙwarƙwarar sarki da ta fi ɗiyar talaka kayan ado da katangar tsaro. Bambancin shi ne ita ɗiya tana da baki. Ana neman yardarta, tana da dukiyarta, tana iya zuwa gaban alƙali ta kai ƙarar mijinta ko waliyyinta, kuma dole a saurare ta. Baiwa ana yi mata komai, har da alheri, amma ba a tambayarta.

Idan muka riƙe wannan ma'auni, abubuwa da yawa za su warware. Mai niƙabin da ta zaɓi niƙabinta, wadda za ta iya kai ƙara a ji ta, ɗiya ce. Wadda ɗan sandan Reza Shah ya fizge wa mayafi an mayar da ita baiwar ci gaba. Wadda aka jefa a mota saboda gashinta ya leƙo an mayar da ita baiwar tutar gwamnati. Ma'aunin kuma yana auna mu: bayan zaɓen 2023, matan da ke Majalisar Dattawa ba su kai biyar ba cikin kujeru 109.

Lissafin mai tsaro

Akwai wani bashi da ba a cika tambayar masu mulki ba. Duk hukumar da ta ce ita ce mai kare mutuncin mace ta ɗauki alkawari, kuma muna da damar duba ko ta cika. Jihar da ta hana mace hawa kabu-kabu a 2000 don kada jikinta ya taɓa na namiji, ita ce jihar da aka shiga makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279. A Satumban 2023 aka shiga Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata. A Wanke da Magami da ƙauyukan Tsafe, 'yan bindiga sun sha shigowa su kora mata da yara zuwa daji. Abin da ake yi wa wasunsu a can kowa ya sani, ba a dai faɗa. Waɗanda aka kashe wa maza ga su nan a titunan Gusau da 'ya'ya a baya suna bara, kowace da hijabinta har ƙasa.

Ba muna cewa shari'a ce ta kawo 'yan bindiga ba. Rikicin yana da tushensa a filayen kiwo da zinariya da makamai da zaluncin da aka daɗe ana yi. Abin da muke cewa shi ne an fara da abin da ya fi sauƙi, aka bar abin da ya fi wajaba. Malaman usulu sun jera kare rai cikin manyan manufofin shari'a. Matar Wanke da ba ta iya zuwa gona ko kasuwa, wadda take kwana da kunne ɗaya a buɗe tana sauraren ƙarar babura, ba ta da matsalar lulluɓi. An kulle ta kamar yadda aka kulle dattijan Tehran a 1936, sai dai nata mai kullen yana daji, kuma har yau ba a cika kiranta zaman da ake yi a kan sulhu ko tsaro ba, alhali ita ta fi kowa biyan kuɗin abin da aka yanke.

Wani juyin zai zo, domin mulki ba ya zama wuri ɗaya. Zai zo da sunan addini ko da sunan ci gaba, kuma zai nemi mata su fito su cika fili, kamar yadda suka cika na Tehran a 1978 da na Gusau a 1999. Idan ya zo, kada mu tsaya a kan abin da ya ce mace ta sa ko ta cire. Mu tambaye shi wace kotu za ta je idan shi da kansa ya zalunce ta, kuma ko zai jira hukuncin kafin ya ɗaga hannu. Mu tambaye shi mata nawa ne a ɗakin da aka rubuta dokar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan magana mai ɗakin mace ce.